Inji Ɗaya Ko Biyu? Lissafin Mai Son Mallakar Ƙaramin Jirgin Sama

Da za a tsaya a bakin kasuwar Rogo, ko a ƙofar fadar Karaye bayan an sauko daga Juma'a, a tambayi mutum goma wanne ya fi aminci tsakanin jirgin sama mai inji ɗaya da mai inji biyu, ina jin amsa ɗaya goman nan za su bayar. Za su ce ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in wannan injin ya mutu wancan ya kai ka gida. Magana ce ta hankali, kuma gaskiya ce a kan manyan jiragen fasinja, waɗanda doka ta wajabta su iya ci gaba da tashi ko da inji ɗaya ya tsaya musu a kan titi. Amma a ƙananan jirage masu farfela, irin masu kujera huɗu zuwa shida da mutum kan saya don ya tuƙa kansa da iyalinsa, lissafin ya fi haka murɗewa, kuma wanda ya ɗauke shi da sauƙi da ransa yake biya.

Mai karatu yana iya cewa ina ruwan biri da gada, ƙasar da babu filin jirgi ko ɗaya a cikinta. To, ruwan nasa yana nan. Tun da hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama abin fargaba, har aka kai ga harin jirgin ƙasa na ranar 28 ga Maris, 2022, masu hali a Arewa suka fara ɗaga kai suna duban sama, kuma ba kowannensu ne ke da ƙarfin jirgin alfarma mai matuƙa biyu na haya ba. Ga kuma ɗalibai. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso, a zangonta na biyu, ta tura matasa 100 ƙasar Jodan suka koyo tuƙin jirgi, abin da ya sa yaron ƙauye a Jihar Kano ya daina ganin sana'ar a matsayin gadon 'ya'yan wasu. Sannan Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, maƙwabciyarmu ce. In ta sama za a auna, mutumin Rogo ya fi kusa da filin jirgin Zariya a kan na Malam Aminu Kano. Saboda haka tambayar tana zuwa, ko daga bakin attajiri ko daga bakin ɗansa, kuma gara a amsa ta kafin a biya kuɗi.

Bari in fara da abin da ke faruwa idan inji ɗaya ya mutu a jirgi mai inji biyu, domin a nan ne zato da gaskiya suka rabu. Mutane kan ɗauka cewa an rasa rabi, saura rabi. Rabin ƙarfi aka rasa, haka ne, amma jirgi ba da dukkan ƙarfinsa yake hawa sama ba. Da rarar da ta saura bayan ya biya abin da zai riƙe shi a iska yake hawa. A ɗauki misalin gidan da 'yan'uwa biyu ke ciyarwa, kowanne yana shigo da naira dubu 100 a wata, cefane da sauran hidima kuma suna cin dubu 85. Rararsu dubu 115 ce, da ita ake gini, da ita ake aurar da yara. Ranar da ɗaya ya kwanta ciwo, kuɗin shiga ya ragu da rabi, amma rarar ta faɗo daga dubu 115 zuwa dubu 15. Haka abin yake a sama. Littafin koyar da tuƙi na hukumar jiragen saman Amurka ya ƙiyasta cewa ƙaramin jirgi mai inji biyu kan rasa kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na iya hawansa idan inji guda ya tsaya. Abin da ya fi wannan ɗaure kai shi ne, a tsohuwar dokar da aka ƙera yawancin waɗannan jirage a ƙarƙashinta, wanda nauyinsa bai haura kimanin kilo 2,700 ba, kuma yake iya sauka a hankali, ba a wajabta masa iya hawa da inji ɗaya ba sam. An dai ce kamfani ya auna ya rubuta a littafin jirgin, ko da abin da aka auna ɗin gangarowa ce.

Zafin ƙasarmu kuma yana zaftare ɗan abin da ya rage. Filin jirgin Kano yana kan tudun da bai kai mita 500 daga doron teku ba, amma da azahar a watan Afrilu, zafi na maki 40, iska takan yi shara-shara har inji da farfela da fukafuki su ji kamar suna kan dutsen da ya kai mita 1,500. A cika kujeru shida da manya, a cika tanki, a ɗora kaya, sai a wayi gari rarar nan ta dubu 15 ma ta tafi. Mutanen Gwammaja ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Jirgin kamfanin EAS da ya faɗa unguwarsu ranar 4 ga Mayu, 2002, inji biyu gare shi, da tsakar rana ya tashi, ya zarce ƙarshen titi, ya kasa hawa, aka rasa rayuka fiye da 100 a cikinsa da a ƙasa. Allah Ya jiƙansu.

Wannan matsalar ƙarfi ke nan. Ta biyu, wadda ta fi kisa, matsalar karkata ce. Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu a gonakin Karaye ya san abin da ke biyo baya idan sa ɗaya ya durƙusa a tsakiyar huɗa: ɗan'uwansa ba ya tsayawa, sai ya ja karkiya ya kewaya ta ɓangaren wanda ya faɗi. Injinan ƙaramin jirgi a kan fukafukai suke, ɗaya dama ɗaya hagu. Idan na hagu ya mutu, na dama yana nan yana ja da dukkan ƙarfinsa, farfelar mataccen kuma iska na juya ta tana zama birki, sai hancin jirgin ya fizgu hagu. Abin da matuƙi ke da shi na turjewa shi ne linzamin wutsiya, wanda ake takawa da ƙafa, shi kuwa linzamin nan da gudun iska yake aiki. Akwai wani mizanin gudu da aka ja wa jan layi a agogon jirgin, wanda in aka sauko ƙasa da shi linzamin ba ya iya rinjayar injin mai rai, sai jirgin ya mirgina ya kifa. A nesa da ƙasa ana iya gyara wannan. A mita 50 daga titi, bayan tashi, babu lokaci.

A cikin 'yan daƙiƙun nan ana son matuƙi ya danne feda ya miƙar da hanci, ya saukar da shi zuwa gudun da aka ja wa shuɗin layi, ya naɗe tayoyi, ya gane wane inji ne ya mutu, ya tabbatar, sannan ya juya ruwan farfelarsa su fuskanci iska da kaifinsu don su daina riƙe jirgin, ya kuma ɗan kishingiɗa ta ɓangaren injin mai rai. Duk wannan a jere, ba tare da tsallake ɗaya ba, ƙararrawa na kuka, iyali na salati a baya. Gane mataccen injin kaɗai ya kayar da ƙwararru. A watan Janairun 1989, a Kegworth ta Ingila, matuƙan wani Boeing 737 sun kashe injin da ke lafiya suka bar mai ciwo, mutum 47 suka mutu. Aka sake yin irinsa a birnin Taipei a watan Fabrairun 2015, da jirgin kamfanin TransAsia, mutum 43 suka rasu. Waɗannan mutane ne da tuƙi ne abincinsu, ana kuma gwada su a kai a kai. Sai a kwatanta su da Alhajin da ke tashi sau biyu a wata, in harkokin kasuwa sun bar shi.

Shi kuwa mai inji ɗaya, in injinsa ya tsaya, an ɗauke masa wahalar zaɓi. Sauka zai yi, ya san da haka, jirgin kuma ba ya fizgewa ko'ina. Cessna 172, wadda ta fi kowane jirgi yawa a duniya, takan yi tafiyar kimanin mita 9 gaba a kan kowace mita 1 da ta gangaro, wato daga tsayin mita 2,000 tana da kusan kilomita 18 na neman wuri. Tana kuma iya taɓa ƙasa da gudun da bai wuce kilomita 90 a awa da yawa ba, alhali Beechcraft Baron mai inji biyu tana bukatar wajen 135. Ɗalibin kimiyya ya san cewa ƙarfin karo ba ya bin gudu ɗaya bayan ɗaya: in gudu ya ƙaru da rabi, abin da jikin mutum zai sha ya ninka fiye da sau biyu. Wannan ne ya bayyana abin da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano a wani nazari da ta fitar a 1979. Ƙananan jirage masu inji biyu ba su kai masu inji ɗaya yawan yin haɗari bayan mutuwar inji ba, amma in sun yi, yiwuwar a rasa rai ta ninka kimanin sau huɗu. Dalilin da hukumar ta fi jingina abin a kansa shi ne ƙarancin gogewar matuƙa a kan wannan yanayi.

Kada in yi wa gonakinmu ado fiye da kima. Daga sama, ƙasar Karaye da Rogo shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, amma wanda ya taka ta ya san akwai kunya-kunya, akwai ɗorawa da kuka da kaɗanya a warwatse cikin gonaki, akwai rake a fadamun Rogo da ya fi mutum tsayi, ga kuma tafkin madatsar ruwan Challawa da aka kammala a 1992. Da damina dawa ta rufe ko'ina, ƙasa ta yi laushi. Saukar dole a irin wannan wuri tana iya karya taya, ta lanƙwasa farfela, ta kifar da jirgin ma in an ratsa kunyoyi a gicciye maimakon a bi tsawonsu. Asarar jirgi ce, mai yiwuwa da rauni. Sai dai da rana, ido na gani, a gudun motar haya, abu ne da mutane ke fita daga cikinsa da ƙafafunsu. Ba ɗaya yake da dajin Falgore ba, balle duwatsun Filato ko fadamun Neja Delta.

Akwai kuma abubuwan da ke kashe inji waɗanda ba su san ƙidaya ba. Ƙarewar mai, gurɓataccen mai, da makaniken da ya yi kuskure ɗaya a injina biyu a rana ɗaya, duk suna cin biyun tare. A watan Yulin 2023 an tarar da ruwa mai yawa a tankin man wani jirgin fasinja a Yola. In hakan na iya samun kamfani mai injiniyoyi, me zai hana ya sami mutumin da ke sayen mai a duro? Akwai ma wata illa da injin na biyu ke yi wa tunani, ta sa mutum ya ga kamar yana da sauran lokaci. Jirgin Dana da ya faɗi a Iju-Ishaga ta Legas ranar 3 ga Yuni, 2012, injinsa na farko ya fara ba da matsala tun ba a daɗe da barin Abuja ba, aka ci gaba da tafiya maimakon a nemi fili mafi kusa, na biyun ya bi sahu ana dab da isa. Mutum 153 ke ciki, babu wanda ya fita.

Idan muka dawo kan masu tuƙa kansu, misalin da kowa ya sani a Arewa shi ne na marigayi Danbaba Suntai, gwamnan Taraba, wanda ya koyi tuƙi a Zariya, ya kuma faɗi da jirgin Cessna Caravan kusa da Yola ranar 25 ga Oktoba, 2012, ya yi ta jinya har Allah Ya karɓi ransa a 2017. Jirgin mai inji ɗaya ne, don haka wasu suka ce da biyu ne da ba haka ba. Rahoton hukumar binciken haɗurra bai ce haka ba. Abin da ya nuna shi ne matuƙin ba shi da shaidar ƙwarewa a kan irin wannan jirgi, kuma tafiyar da aka tsara a kan gani da ido ta kai har bayan faɗuwar rana. Ban kawo wannan don cin naman mamaci ba, mutum ne da ya so sana'ar da zuciya ɗaya. Na kawo shi ne don a ga inda haɗarin mai tuƙa kansa ya fi taruwa: duhu, yanayi, gaggawar isa, da rashin wanda zai iya ce wa mai gida yau ba za a tashi ba. Inji na biyu ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu.

Sai maganar aljihu, wadda ba ta bukatar jan lokaci. Kamfanin Beechcraft yana da jirage biyu masu ɗaki kusan iri ɗaya, kujeru shida-shida: Bonanza mai inji ɗaya da Baron mai biyu. Ta farko tana shan kimanin lita 60 a awa, ta biyu kusan ninkin haka. Daga Kano zuwa Abuja, tafiyar kilomita 360 da 'yan kai ta sama, abin da Baron za ta riga Bonanza isa da shi bai fi minti goma ba. Kowane inji kuma yana da wa'adin awoyi, tsakanin 1,700 zuwa 2,000 a irin waɗannan, da za a kwance shi a yi masa garambawul da dala, farfela ma haka, inshora ma haka. Man nasu, wato Avgas, fetur ne na musamman da ake shigowa da shi, ba kuma a kowane fili ake samunsa ba. Wahalarsa na cikin dalilan da suka sa kwalejin Zariya ta karkata daga tsofaffin jiragenta na Tampico zuwa samfurin Diamond, waɗanda ke shan kananzir irin na manyan jirage. Abin da nake tsoro a nan ba talaucewar attajiri ba ne. Tsadar awa ɗaya a sama ita ke sa mai jirgi ya rage tashi, ya ɗage gyara, ya tsallake bita, wato ya rage ainihin abubuwan da injin na biyu ke dogara da su kafin ya amfane shi. Taura biyu ba ta taunuwa ga mai ƙaramin baki.

Duk da haka, zalunci ne a ce inji biyu ba shi da rana. Yana da ita, kuma babbar hujjarsa a ƙasarmu ita ce hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da manyan jirage ma ke fasa sauka a Kano. A irin wannan rana, ko da dare, duk abin da na faɗa game da gonakin Rogo ya rushe, domin filin da ba ka gani ba ba ka iya zaɓarsa. Mai inji biyu da ke can sama a tsakiyar tafiya, in ɗaya ya tsaya, yana da gudu, yana da tsayi, yana da lokacin tunani, ya lallaɓa ya sauka a Kaduna ko Zariya kamar ba a yi ba. Yana kuma da janareto biyu, abin da ke da muhimmanci ga mai tuƙi da na'ura zalla a cikin gajimare. Wanda harkarsa ke kai shi Fatakwal ta saman kurmi, ko Agadas ta saman hamada, ko yake yawan dawowa gida bayan isha'i, yana da dalilin da zai duba mai inji biyu. Sharaɗin shi ne ya mallaki shaidar tuƙi da na'ura, ya mallaki ta inji biyu, ya kuma yarda malami ya zauna kusa da shi aƙalla sau biyu a shekara yana rage masa inji ba zato, har ƙafarsa ta koyi amsawa kafin kansa ya gama tunani. In ba zai iya wannan ba, to ya ɗauki ƙwararren matuƙi aiki. Cikin matasan da aka horar a Jodan da Zariya akwai waɗanda suka daɗe suna neman inda za su tara awoyi.

Masu ƙera jirage ma sun nemo wa mai inji ɗaya wasu mafita. Kamfanin Cirrus na Amurka yana sanya wa jiragensa wata babbar laima da ake ja a sauko da jirgin gaba ɗaya, da mutanen cikinsa. Akwai kuma masu inji ɗaya na zamani da ke shan kananzir, irin Caravan ɗin nan, waɗanda injinsu ba ya yawan ba da kunya. Tarihi ma yana da abin cewa. Jirage uku na sojan Ingila da suka fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, bayan sun taso daga Masar sun biyo ta Hartum, kowannensu inji ɗaya gare shi. Shekara biyu bayan haka Charles Lindbergh ya tsallake Tekun Atlantika daga New York zuwa Paris cikin awa 33 da rabi, kuma da gangan ya zaɓi inji ɗaya, bisa lissafin cewa jirgin da aka cika da mai haka ba zai iya riƙe kansa ba in inji guda ya mutu, ƙarin inji kuwa ƙarin abin da zai iya lalacewa ne.

To me zan ce wa ɗan Karaye ko ɗan Rogo da Allah Ya buɗa wa, yake son ya riƙa tuƙa kansa tsakanin Kano da Kaduna da Abuja da Sakkwato? Zan ce ya sayi mai inji ɗaya wanda tarihin gyaransa ke rubuce shafi bayan shafi, ya fifita mai shan kananzir in ya samu. Ya tashi da sassafe kafin iska ta yi zafi, ya hau sama sosai don ya sayi nisan gangarowa, ya tsiyayi man tankinsa a kwalba ya duba da idonsa kafin kowace tafiya. Ranar hazo, ko ranar da hadari ya haɗo daga gabas, ya tuna cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Idan yana tashi awa 100 a shekara, man da injin na biyu zai sha ya kai lita 6,000. Kuɗin wannan man ya kai shi Zariya ya zauna da malami, ya nemi shaidar tuƙi da na'ura, ya yi ta bitar saukar dole har ta zame masa jiki.

Ga ɗalibi mai neman sana'ar kuwa, maganar daban ce. Shi dole ne ya bi ta kan inji biyu, domin kamfanonin jirage ba sa ɗaukar wanda ba shi da wannan shaida, kuma tsarin karatun da kansa haka yake tafiya: a fara da mai inji ɗaya, a tara awoyi, a koyi tuƙi da na'ura, sannan a hau mai biyu. Zai tarar cewa kusan duk darasin inji biyu a kan tafiya da inji ɗaya ake yin sa. Malami zai ja maƙurar injin hagu baya, ya naɗe hannu, ya zuba ido ya ga wace ƙafa ɗalibin zai taka.